An Mai da Hajiya Dada Famfo

"…lahiya lau, alhamdu lillahi. Gajiyar hanya kuwa ba ni tambayarka, don ba ni na aike ka ba. Kai, tsaya nan! Kada ka kuskura ka shigo mani tsakar gida da wannan wandon."

"Haba amarya, ko gaisuwar ba mu ƙarasa ba."

"An ƙarasa. Ga zane can bisa igiya, ɗaura ka rufa wa kanka asiri."

Ya ɗaura kuwa. Ƙato guda, malamin makaranta, ga hular kwano a ka kamar rabin kabewa, ga zanen atamfa a ƙugu, ya turo kekensa ya jingine jikin rumbu.

Ni Sa'adiya, katanga ɗaya ce tsakanina da Hajiya Dada a nan Mairuwa, ita ma katangar damina ta cinye rabinta, don haka duk abin da zai faru a gidan nan a idona yake faruwa. Mai zanen kuwa Jabiru ne, jikanta, yana koyarwa a Kankara. Shi da abokansa goma suka kafa ƙungiyar tuƙa keke, irin keken nan mai siririyar taya wanda mutum ke duƙawa a kai kamar allura ta faɗi yana nema. Duk Asabar da an sallame asuba sai su taso daga Kankara, su bi ta Yargoje, su hau babban titi su nufi Funtua. Wata huɗu ke nan, da hantsi ya yi sai ka gan su jingim a ƙofar gidan Hajiya ana dama masu fura. Wa ke surfe? Ni. Wa ke daka? Ni. Kafaɗar Hajiya ta daɗe da yin murabus, tawa ce ke aiki.

To shekaranjiya ta dawo daga gidan suna ranta a ɓace, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya gaban turmi ta rantse da Allah, a gabana, cewa ɗan keke ba zai ƙara shan fura a gidanta ba. Ta sa na kira mata Jabiru a waya ta maimaita mashi, ta ƙara da cewa ya zo ya cire mata gida daga cikin wayarsa. Ni dai a zuciyata na ce madalla, kafaɗata ta samu hutu. Shi ya sa yau ya baro abokansa a baya, ya rigo su da kamar rabin awa, yana haki.

"A'a, ba bisa tabarmata ba," in ji Hajiya. "Kana tsiyaya kamar randar da ta tsage. Ga turmi can, kife ka zauna."

"Mijinki guda kike zaunarwa bisa turmi?"

"Miji? Mijin da ko gishirin miya bai taɓa kawo mani ba, sai baki goma da yake jawo mani duk mako? Kai ai ba miji ba ne, fara ce ta sauka a gonata."

"Fara ko ba fara ba, a sammani ruwa, maƙogwarona ya bushe."

"Sai na ga wayar tukuna. Fito da ita, nuna mani inda ka cusa ni."

Ya zaro wayar daga wata 'yar jaka a jikin keken, ya matso kusa da ita.

"Kin ga wannan, manhaja ce. Sai ki gaya mata inda za ki tashi da inda za ki sauka, ita kuma ta zana maki hanya. Ta faɗa maki inda akwai hawa, inda akwai gangara, inda kwalta ta ƙare, har awa nawa za ki ci. Ga jan layin nan, shi ne hanyarmu."

"Wannan tsutsar?"

"Ita fa. Ga Kankara. Ga Yargoje. Ga Mairuwa. Ga ki nan."

Ta kai wayar har bakin hancinta, ta mai da ita nesa, ta karkata kai.

"Ni ban ga kaina ba. Wani abu nake gani shuɗi mai lanƙwasasshen baki. Sa'adiya, zo ki duba mani, ko idona ne."

Na tsallako katanga na leƙa. Famfo ne. Wallahi famfo ne, har da ɗigon ruwa guda yana faɗowa daga bakinsa. Na so in yi shiru, amma ta kafe ni da ido.

"Famfo ne, Hajiya."

"Mi?"

"Famfo."

"Ni ce famfo? Ni Dada? 'Ya'ya tara na haifa, jikoki ban san iyakarsu ba, na tahi Makka na dawo da haƙorina, ka rasa abin da za ka mai da ni sai famfo?"

"Alamu huɗu kawai gare su, amarya. Akwai famfo, akwai sifana na mai gyaran keke, akwai cokali na gidan abinci, sai kuma bayan gida. Ki zaɓa."

"Ka ji ɗan banza! Sa'adiya, kina jin sa ko?"

"Kuma ba da ka na zaɓa ba," in ji shi. "Na zauna na duba huɗun nan, na ga famfo ya fi kama da ke. In aka murɗa ki kika fara, har yau ban ga mai iya rufewa ba."

"Allah ya sa ka tsufa ka samu jika irinka."

"Amin. To ruwan fa?"

"An ɗauke ruwa. Famfo ya bushe."

Na koma bakin katanga na zauna don kada dariya ta kuɓuce mani a fuskarta. Ita kuwa ta gyara zama, ta ɓare goro, na san yanzu za a shiga asalin maganar.

"Wane ne Salahuddeen?"

"Wa?"

"Abokinka. Dogo, mai gemu, jan keke. Ranar Talata ya zo."

"Ba ni da aboki Salahuddeen. Mu kuma ba mu fita ranar Talata."

"Ba ka san shi ba?"

"Ko a hanya."

"Inna lillahi. Zakarana na yanka mashi!"

"Jan zakaran? Wanda kika hana ni da Sallah?"

"Shi! Mutum ya yi sallama, ya ce waya ce ta nuna mashi nan akwai ruwa. Na ce to, mutumin Jabiru ne, kada in kunyata yaro."

Jabiru ya sosa ƙeya, ya shiga danne-danne, can ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, laifina ne. Da na zana hanyar, akwai wurin da ake dannawa a rufe ta, sai mu kaɗai mu gani. Na manta ban danna ba. Duk mai manhajar nan, daga nan har inda ƙasa ta ƙare, in ya duba Mairuwa zai ga famfon."

"Duniya duka?"

"Masu keke kawai."

"Au, masu keke kawai. To na ji sanyi."

"Amma ke ma, ba ki tambaye shi wa ya aiko shi ba?"

"A wane gari ake tambayar baƙo wa ya aiko shi bai ci komi ba? A Kankara haka kuke yi?"

"Ruwa fa ya ce zai sha. Sai ki ba shi ruwa."

"Ruwa! Mutum ya taso daga Sabuwa bisa keke, ya yi sallama a ƙofar gidan Malam, in miƙa mashi moɗa in ce sauka lahiya? Gobe a ji a gari a ce Malam ya rasu gidansa ya mutu? Wanda ya sha ruwana sai ya ci abincina, haka na taso na iske, ba kuma wayarka ce za ta canza mani ba."

Malam shi ne marigayi mijinta, kakan Jabiru, Malam Lawwali. Zakaran kuwa ni na fige shi, ni na babbake, ni na tsaya kan murhu da tsakar rana, ina tsammanin babban baƙo aka yi. Ashe ɗan hanya ne da waya ta jefo. Har yanzu haushin bai sake ni ba.

"Ba ma zakaran ya fi ɓata mani rai ba," in ji Hajiya. "Na shiga gidan suna, kafin in zauna wata ta ce ga Hajiya mai tasha. Wata ta ce wai nawa nake sai da kwano. Matar liman ta ja ni gefe, ta ce ita ba gulma ba, amma maza goma sha ɗaya da wandon da bai kai gwiwa ba suna zarya a ƙofata, mutane na magana. Ni! Da furfurata!"

"Kishi suke, sun ga kina da farin jini."

"Farin jinin uwar wa? Gero na ƙarewa, kaji na ƙarewa, mutunci na ƙarewa."

"Tsaya ki ji abin da ake faɗa a kanki, ko ranki ya yi sanyi. Duk wanda ya tsaya a wuri yana iya rubuta yadda ya same shi, ya ba da taurari, biyar ne iyaka. Ga abin da Gide na ƙungiyarmu ya rubuta: ruwan randa mai sanyi, fura ta fi ta ko'ina, taurari biyar."

"Gide yaron kirki ne. Shi kaɗai ke wanke ludayinsa."

"Ga wani: tsohuwa mai faɗa amma mai kirki, taurari biyar."

"Wa ya ce mai faɗa? Faɗa mani sunansa."

"Ba ni faɗa. Ga… a'a, wannan a bar shi."

"Karanta."

"Ba shi da amfani."

"Jabiru, karanta kafin in karanta maka da muciya."

"Salahuddeen ne. Taurari huɗu."

"Huɗu. Mi ya hana shi ɗayan?"

"Ya ce an karɓe shi hannu biyu-biyu, sai dai naman ya yi tauri."

Kai, jama'a! Ban taɓa ganin Hajiya ta miƙe da sauri haka ba tun da gwiwa ta kama ta. Goron da ke hannunta ya yi tsalle, kaji suka watse.

"Tauri? Cinya biyu ya ci! Ya ci ƙirji, ya tsotse wuya, ya ce a ƙara mashi romo! Ƙashi kawai ya bar wa kyanwa, shi ma sai da ya tauna kansa! Zakara shekara uku yana tashe ni sallah, na yanka wa wanda ban sani ba, ya tahi ya rubuta wa duniya ya yi tauri?"

"Shekara uku fa kika ce, amarya. Ai sa'anki ne."

"Cire ni! Yanzun nan, ina kallo. Cire famfon, cire tsutsar, cire Mairuwar ma in tana ciruwa."

"Bari dai mu yi magana."

"Ba maganar da za a yi da mutanen da ko ƙararrawa babu a kekensu. Sai dai kina zaune ki ga mutum tsaye bisa kanki kamar ɓarawo. Wannan keke ne? Ba kariya, ba fitila, sirdi kamar bakin wuƙa. Malam buhu biyu yake ɗorawa bisa nashi ya kai kasuwar Kankara, ya dawo da ni a baya, ba waya ba tsutsa, bai taɓa ɓata ba. In ya kawo kwanar masallaci sai ya kaɗa ƙararrawa sau uku, ni kuma in tashi in ɗebo ruwa, kafin ya jingine keke moɗa na hannuna. Shekara arba'in da ɗaya haka muka yi. Wannan shi ne mai keke. Ku kuwa an ba ku na'ura mai magana ta gaya maku dama da hagu, kamar makafi."

"Ƙararrawa nauyi ce, Hajiya. Mu ko kwalbar ruwa sai mun auna."

"Shi ya sa kuka auna kunya kuka ga ta yi nauyi, kuka bar ta gida."

Ya yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ciki ba. Ya sauko daga turmi ya durƙusa gabanta.

"Ki tuna makon nan da manhaja ta nuna mana wata gajeriyar hanya ta komawa, ta ce lafiya lau. Ke kika ce masu kawo nono daga wannan gefen ba su shigo ba yau, kada mu bi. Muka fasa. Da yamma muka ji abin da ya faru a hanyar. Wayar nan ta san hawa da gangara, ba ta san wannan ba. Muna buƙatarki."

"Ku kira ni a waya in gaya maku. Baki ba ya cin gero."

"Hajiya."

"Na rantse, Jabiru. Sa'adiya shaida ce. Ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Hajiya," na ce. Kuma da ƙarfi na faɗa, don ni ma na gaji.

Ya ja numfashi, ya juya mata wayar.

"To shi ke nan. Kin ga ɗigon nan guda goma da ke motsi bisa layi? Su ne. Sun kusa shigowa gari. Na riga na gaya masu, in sun ga famfon ya ɓace kada su karyo kwana, su miƙe Funtua su karya a can. Ki duba da kyau, kada gobe ki ce ban cire ba."

Ya ɗora yatsa kan famfon, ya danna, ya sake dannawa. Famfo ya ɓace. Jan layin da a da ya baro babban titi ya lanƙwaso cikin unguwarmu ya koma, sai ya yi wani motsi ya miƙe sambal.

Hajiya ta ƙura ido.

"Ina ƙusumbin nan da ke jikin tsutsar?"

"Ke ce ƙusumbin. Manhajar ba ta taɓa son biyowa ta nan ba, tana cewa ɓata lokaci ne, ga yashi. Duk mako sai ta miƙe layin, duk mako sai in sa yatsa in jawo shi ƙofarki."

"To kai fa? Asabar mai zuwa?"

"Ni ke jan ayari. Inda layi ya bi nan nake bi. Sai dai da Sallah, in Allah ya kai mu. Kin huta da mijin banza."

Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya yi dariya. Ni na san abin da gidan nan yake kafin zuwan kekunan. Shekara uku da rasuwar Malam, hanya kuma ta zama abin tsoro, 'ya'ya tara sai dai waya, zuwa kuwa daga Sallah sai Sallah. Shi kansa Jabirun sai da ya yi wata takwas bai taka ƙofar nan ba. Na sha leƙowa in iske ta zaune bakin ɗaki tana hira da kaji, ta dafa ɗan tuwo ta ci rabi ta rufe. Tun da suka fara zuwa kuwa, daga Laraba take fara tambayata yau wace rana. Ina son hutu, Allah ya sani, amma da na ga layin nan ya miƙe sai tausayinta ya kama ni.

Ɗigon nan goma suka taho a jere. Suka iso daidai kwanar masallaci, inda ake karyowa gidanmu. Na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Hajiya na ƙirgawa da leɓe ba sauti, har na tara.

"Wancan na bayan, da ya ja nesa da 'yan uwansa, wane ne?"

"Gide."

"Gide mai gyambon ciki? Ya karya kafin ya taso?"

"Ba ya karyawa ranar Asabar. Ya ce ba abin da ke zauna mashi a ciki sai furarki."

"Funtua da saura?"

"Da saura. Ga kuma hawa a gaba."

Gide ya kawo kwanar, ɗigonsa ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya wuce. Hajiya ta tofar da goro, ta goge baki da gefen zane.

"Mai da famfon."

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Mai da shi, ka kira su su juyo."

"Kin rantse fa."

"Da bakina na rantse, ba da naka ba."

"Rantsuwa da Allah ce, amarya. In kika karya sai kaffara."

"To malamin makaranta, gaya mani, mi ce kaffarar rantsuwa?"

"Ciyar da miskinai goma."

"Su nawa ne bisa tsutsar?"

Ya dubi wayar, ya dube ta.

"Goma."

"To mi kake jira?"

"Hajiya! Gide fa shagon siminti gare shi. Akwai ma'aikacin banki a cikinsu, akwai mai gidan mai."

"Ni abin da idona ya gani na sani. Mutum ba mota, ba babur, da ƙafarsa yake tura kansa tun daga Kankara, ciki ba komi, wando ko gwiwa bai kai ba don yadi ya gagare shi. Tun da nake ban taɓa ganin miskinai irinsu ba."

"Liman ba zai karɓi wannan ba."

"Na san abin da liman zai ce tun kafin a haife ka. Allah ba a yi mashi wayo. Ta gaskiyar, gobe Sa'adiya za ta auna gero ta kai gidajen da na sani, gida goma cif. Amma matan gidan suna in sun tambaya, a ce masu kaffara nake yi."

"Duk Asabar?"

"Ina da yawan rantsuwa."

Jabiru ya faɗi zaune yana dariya har zanen ya kwance, ta daka mashi tsawa ya ɗaure. Ya mai da famfon, layi ya sake lanƙwasowa, ya kira na gaba a waya. Muna kallo ɗigon suka tsaya, suka cure wuri ɗaya, suka juyo. Yanzu Gide ne a gaba.

"Goma, ban da ni ke nan?" in ji shi.

"Kai ba ka ciki. A ina ka ji mata na ciyar da miji a kaffara? Kai ya kamata ka ciyar da ni."

"To bari in rufe hanyar, kada baƙo ya ƙara gani."

"Rufe. Amma ka bar wa Salahuddeen ƙofa."

"Shi da ya zage ki?"

"Sai ya dawo ya cika tauraron nan. Ina da budurwar kaza, in ya ce ita ma ta yi tauri to haƙoransa ne."

Ni kuwa a nan hankalina ya tashi. Na ce, "Hajiya, da me za a tare su? Ke kika hana ni surfe jiya. Ko ƙwayar gero ba a jiƙa ba, ga su nan kafin a hura wuta sun iso."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Shiga ɗaki, bayan ƙofa, ki ɗauko."

Na shiga. Babbar ƙwarya ce rufe da faifai, cike da dawo, an mulmula an barbaɗe da gari, ga nono a wata ƙwaryar. Na ƙirga, goma sha ɗaya. Sai na tuna da asuba na ji daka, sannu-sannu, ana yi ana tsayawa, na ɗauka daga wani gida ne can nesa. Ashe ita ce, da kafaɗar nan da ba ta iya ɗaga buta da ita. Na fito na dubi hannunta, tafin ya yi ja ya kumbura.

"Hajiya, kin rantse kuma kika tashi kika daka?"

"Na rantse ba su sha, ban rantse ba ni dakawa ba. Kuma ke wa ya tambaye ki? Dama."

Haushi ya kama ni, hawaye ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce wallahi in ta ƙara taɓa taɓarya sai na kai taɓaryar gidana na ɓoye, na ja ƙwarya na fara damu. Hutun kafaɗa dai ya tafi ke nan.

Ita kuma ta dafa bango ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan akwati, tana ƙunƙuni. Can ta fito da wani abu ƙunshe a tsumma ta jefa wa Jabiru a cinya. Ya kwance. Ƙararrawar keke ce ta ƙarfe, ta dushe, gefenta ya lotsa.

"Ta Malam ce," in ji ta. "Keken an ba da shi sadaka, ita na hana. Ɗaura."

"Hajiya, wannan ai ta fi tayata nauyi. Gide zai riƙa wuce ni a hawa."

"Ya wuce ka. In ka kawo kwanar masallaci ka kaɗa, na gaji da ganin mutum tsaye bisa kaina."

Ya ciro ɗan sukudireba daga jakar keken, ya durƙusa ya ɗaure ta a jikin wannan siririn kan keke, ta zauna a karkace kamar ba wurinta ba. Ya sa babban yatsa ya gwada. Ta yi ƙara, garau, kamar jiya aka aje ta. Ya kaɗa sau uku.

Hajiya na tsaye tsakar gida. Na ga ta runtse ido. Sai kawai ta juya ta nufi randa, ta buɗe, ta cika moɗa, ta taho da ita a hannu biyu kafin ya miƙe tsaye. A waje kuma mun fara jin sallamar Gide.

"Ungo, mijin banza," ta ce, tana dariya tana share ido da kafaɗa. "Sha. An kawo ruwa."